SHARHI: Kunkurun ruwa, kududdufi da tagwayen titin Kano zuwa Katsina

Duk wanda ya tashi a karkarar Kusada ko Kankiya ya san abin da ruwan farko na damina ke fitarwa daga ƙasa. Bayan kwaɗi, akwai wani ɗan kunkuru mai launin laka, wanda da ƙyar ya wuce faɗin tafin hannu biyu. Yakan kwashe watannin rani a binne cikin busasshen taɓo ko ƙarƙashin tarin ganye, sai ƙasa ta jiƙa ya tono kansa, ya kama hanya daga wannan kududdufi zuwa wancan, ta cikin gonaki da bayan gidaje. Yara kan tsince shi, ya sakar musu wani ruwa mai ɗoyi, su yar da shi su ruga.

Wannan tafiya tasa ta 'yan ɗaruruwan taku ita ce abin da wani reshe na kimiyya ya shafe shekara ashirin yana bibiya a wasu sassan duniya. Abin da aka gano kuwa ya shafi shawarwarin da ake yankewa yanzu haka a tsakiyar Jihar Katsina: inda za a faɗaɗa titi, inda za a datse ƙorama, da kuma wane rami ne za a cike a yanka fuloti a kansa.

Mawashi ɗaya ce daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Kusada, wadda ke iyaka da Jihar Kano. Babu babban kogi mai gudu duk shekara a wannan yanki. Ruwansa na damina ne, wata huɗu ko biyar, sannan sai abin da fadamu da tafkuna da kududdufai suka riƙe. Babban titin Kano zuwa Katsina, wanda aka haura shekara goma ana aikin mayar da shi tagwaye, ya ratsa Yashe da Gidan Mutum Ɗaya kafin ya shiga Kankiya. Ga mai mota wannan ci gaba ne da ba ya bukatar dogon bayani, domin titin ya ci rayuka da yawa lokacin da yake falle ɗaya. Ga dabbar da ke rarrafe kuwa, titi mai hannu huɗu katanga ce.

Yadda jini ke ba da labarin hanya

Tushen wannan ilimi ba sabo ba ne. Tun a 1943 masanin Amurka Sewall Wright ya nuna cewa gwargwadon nisan da ke tsakanin gungu biyu na halitta iri ɗaya, gwargwadon bambancin ƙwayoyin gadonsu, tunda na kusa sun fi samun damar haɗuwa su hayayyafa. A 2003 ne Stéphanie Manel da abokan aikinta uku suka raɗa wa fannin sunan da ake kiransa da shi yau, wato nazarin ƙwayoyin gado bisa shimfiɗar ƙasa. Abin da suka ƙara shi ne taswira. Nisa kaɗai ba ya bayyana komai, sai an duba abin da ke kwance tsakanin wuraren biyu: dutse ne, gona ce, fadama ce, ko kwalta. A 2006 Brad McRae ya aro lissafin masu aikin lantarki, ya ɗauki ƙasa tamkar waya, wani sashenta wuta na wucewa salin-alin, wani kuma yana turjiya.

A aikace, mai bincike kan kama kunkuru a tafkuna daban-daban, ya ɗebi ɗigon jini ko ya yanki ɗan farce, ya rubuta wurin da na'urar auna matsayi, ya saki dabbar. A ɗakin gwaji sai a kwatanta alamomin gado. Idan na tafki biyu suka yi kama sosai, akwai zirga-zirga a tsakani. Idan tafkunan na kusa da juna amma jininsu ya sha bamban, to wani abu ya tare hanya, kuma taswira za ta nuna ko mene ne.

Makiyayi ba ya bukatar a fassara masa muhimmancin wannan. Ya san garken da aka bari da bijimi ɗaya shekara da shekaru yakan lalace, shi ya sa yake musanya. Ya kuma san abin da ke faruwa idan aka nome burtali: kiwo na nan, mashaya na nan, amma babu hanyar isa daga wannan zuwa wancan. Kunkurun da aka killace a tafki guda suna auratayya ne a junansu har bambancin da ke ba su juriyar cuta da fari ya ragu. Abin da ya fi wannan gaggawa ma shi ne, duk shekarar da tafkin ya ƙafe ƙarƙaf ya hallaka mazaunansa, daga maƙwabta ne sababbi ke zuwa su raya shi. In an yanke hanyar, tafkin zai cika da ruwa a damina mai zuwa amma ba kowa a ciki.

Gargaɗin da ke zuwa a makare

A nan ne kunkuru ya bambanta da ɓera ko kwaɗo, kuma a nan ne masu tsara manufofi suka fi ruɗuwa. Dabba ce mai tsawon rai da jinkirin balaga. A wani dajin bincike na Jami'ar Michigan, inda Justin Congdon da abokan aikinsa suka yi shekaru da dama suna bin diddigin wani kunkurun ruwa da ake kira na Blanding, an gano macen kan kai shekara 14 zuwa 20 kafin ta fara ƙwai. A 2016 an sake kama wata da aka fara yi wa lamba a 1954, shekarunta aƙalla 83. Lissafin da suka wallafa a 1993 ya nuna cewa irin wannan dabba tana iya jure asarar ƙwai da ƙanana masu yawa, domin haka aka gina rayuwarta, amma ƙarin mutuwar manya ko da kaɗan ne a kowace shekara ya isa ya kai gungun ƙasa.

Tsawon ran nan yana ɓoye ɓarna. Shinge ba ya bayyana a cikin jini sai zuriya ta bi zuriya a rabe, kuma gwajin kwamfuta da Erin Landguth da abokan aikinta suka wallafa a 2010 ya nuna cewa hakan na iya ɗaukar zuriya da yawa, gwargwadon hanyar lissafin da aka bi da kuma nisan da dabbar ke iya zuwa. Madatsar ruwa ta Zobe da ke Dutsin-Ma an kammala ta a 1983. A lissafin siyasa wannan tsohon zance ne, gwamnatoci nawa suka zo suka wuce. A lissafin kunkuru kuwa zuriya kaɗan ce. Saboda haka mai bincike zai iya zuwa yau ya ɗebi jini a hagu da dama na sabon titi, sakamako ya nuna babu bambanci, wani jami'i ya ɗaga takardar ya ce titi bai yi illa ba, alhali kuwa tsofaffin da aka haifa kafin a zuba kwalta ne ake aunawa.

Ƙidayar gawa ta fi saurin faɗin gaskiya. A 2004 David Steen da James Gibbs sun duba tafkuna a Jihar New York, suka tarar cewa inda tituna suka yi yawa, maza sun rinjayi mata a cikin kunkurun ruwa. Dalilin a fili yake: mace ce ke barin ruwa ta nemi busasshiyar ƙasa ta binne ƙwai, ita ce mota ke takawa. Tafkin da ya cika da maza zai ci gaba da nuna kawuna a saman ruwa na tsawon shekaru, mai wucewa ya ɗauka lafiya lau.

Akwai wani labari daga Jihar Florida da ya kamata matasa masu bin yadda ake kashe kuɗin gwamnati su sani. A 2000 fari ya janye ruwan Tafkin Jackson, kunkuru suka yi ta ƙoƙarin tsallaka wani titi mai hannu huɗu zuwa ɓangaren da ke da sauran ruwa, kusan dukkansu suna mutuwa a kan kwalta. Wani ɗalibin digiri na uku, Matthew Aresco, ya kafa ɗan gajeren shinge na leda a gefen titin wanda ke karkatar da su zuwa wata kwalbati da dama can tana wurin. Cikin 'yan shekaru ya ƙirga fiye da 8,000 da suka tsira. Da aka zo gina na dindindin a kan dala miliyan 3.4, Sanata Tom Coburn ya sa aikin a jerin almubazzarancin gwamnati a 2009, aka yi ta ba'a da shi. An kammala shi a 2010. Abin lura shi ne tsadar ta zo ne saboda gyara ake yi wa titin da aka riga aka gama. A titin da ake kan ginawa, kwalbati dole ce ko don ruwa, abin da ya rage shi ne faɗinta, da wurin da aka ajiye ta, da ko bakinta ya yi daidai da ƙasa ko an bar shi da tsalle.

Kududdufi: ramin da ba ya cikin kowace doka

Kunkurun da yaran Mawashi ke tsinta ba ya neman babban dam. Ƙananan ruwaye masu ƙafewa su ne gidansa, kuma da yawansu mutum ne ya haƙa su. Ɗaruruwan shekaru Bahaushe yana ɗibar ƙasa a gefen gari yana yin tubali da yaɓe, ramin ya zama kududdufi, kududdufin ya zama zango a hanyar kunkuru. Yanzu bulo da siminti sun maye gurbin tubali, ba a cika haƙa sababbi a cikin gari ba, tsofaffin kuma ana cike su da shara da ɓaraguzai a sayar da filin. Sababbin ramukan da ake samu su ne na masu ɗibar burji don aikin titi, waɗanda ke kwance daf da kwalta, suna janyo dabbar zuwa wurin da ya fi ko'ina haɗari gare ta.

Masu cike kududdufi suna da hujjarsu, kuma ba ƙarama ba ce. Sauro na hayayyafa a ciki, yara na nutsewa, tsargiya na kama masu wanka, wasu kuma sun zama juji mai wari. Wanda ya rasa ɗa a kududdufi ba za a yi masa wa'azin kunkuru ba. Sai dai mazauna birnin Kano, inda aka cike kududdufai masu yawa aka yi gine-gine a kansu, sun ga inda ruwan sama ke nufa idan ya zo bai tarar da masaukinsa ba: cikin ɗakunan mutane. Tambayar da ta dace ita ce wanne za a cike, wanne za a yashe a killace a bar shi, kuma wa ke yanke wannan hukunci da wace taswira a gabansa.

Dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 ba ta amsa wannan tambaya. Jerin ayyukan da ta wajabta wa cikakken nazari ya ambaci madatsar ruwa mai faɗin hekta 200 ko fiye, da busar da dausayi mai hekta 100 ko fiye. Kududdufin da bai kai hekta ɗaya ba ba zai taɓa kaiwa wannan ma'auni ba, ko da an cike hamsin a ƙaramar hukuma guda cikin shekara goma. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, filayen karkara na hannun ƙaramar hukuma ne ta fuskar ba da izinin mallaka na gargajiya, a zahiri kuma dagatai da masu unguwanni ne ke shaida ciniki. Ke nan makomar hanyoyin ruwan da masana ke zana wa taswira a jami'o'in Turai tana yankuwa ne a sakatariyar Kusada da zauren dagaci. Tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024 kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi ake ta muhawarar abin da wannan mataki na gwamnati zai yi da kansa. Rajistar kududdufai da fadamu, kowanne da sunansa da girmansa da watan da yake ƙafewa, aiki ne da bai fi ƙarfin kowace ƙaramar hukuma ba.

Sauran dokokin sun fi karkata ga farauta da fatauci. A taron yarjejeniyar CITES na 2016 a Johannesburg, Najeriya na cikin ƙasashen da suka gabatar da bukatar sa ido kan cinikin kififiya, wato kunkurun kogi mai laushin baya, aka kuma amince. A 2025 majalisun tarayya biyu sun zartar da sabon ƙudurin kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, mai tsaurara hukunci fiye da dokar 1985. Dalilin damuwar a bayyane yake. Wata babbar kififiya da masana ke kira ta Nubiya, wadda a da ake samu daga Afirka ta Yamma har zuwa Kogin Nilu, ta ɓace wa masu bincike shekaru da dama, sai a 2017 ayarin Luca Luiselli ya ci karo da ita a hannun masunta a Sudan ta Kudu. Amma hukuncin mafarauci ba ya hana tifa ta kwashe yashin bakin gulbi inda kififiya ke binne ƙwai, kuma ba ya faɗaɗa kwalbati.

Tudun da ya raba ruwa biyu

Akwai dalilin da ya sa wannan yanki ya fi ƙarfin a kira shi misali kawai. A shiyyar iyakar Katsina da Kano ne tudun da ya raba ruwa gida biyu ya ratsa. Ƙoramun da suka gangara yamma da arewa suna zuba a Karaduwa da Gada, su bi ta Rima zuwa Kogin Kwara. Waɗanda suka gangara gabas suna bin Watari da Gari zuwa ga Kogin Haɗejiya, a kan hanyar Tafkin Cadi. Ko a tsarin gwamnati ma hukumomin raya koguna biyu ne ke da yankin, ta Sakkwato-Rima da ta Haɗejiya-Jama'are. Ga mai nazarin gado, da wuya a sami filin gwaji da ya fi wannan. Abin da ake zato shi ne kunkurun da ke tafiya a tudu zai tsallaka wannan layi ba tare da ya lura ba, ita kuwa kififiya da ba ta nisa da gulbi za ta rabu dangi biyu. Amsar tana da amfani ranar da jami'ai suka ƙwace buhun dabbobi a kasuwa suka rasa ruwan da za su sake su a ciki, domin zuba na wani kwari a cikin na wani na iya ɓata bambancin da aka yi dubban shekaru ana tarawa.

Tarihin sunan wannan kunkuru ma darasi ne. Shekaru da dama ana ɗauka nau'i ɗaya ne, Pelomedusa subrufa, wanda ya bazu daga Senegal har Afirka ta Kudu da Yaman, saboda haka ba wanda ya damu da shi. A 2010 nazarin gado ya nuna rassa ne masu zurfin bambanci, a 2014 kuma Alice Petzold da Uwe Fritz da abokan aikinsu a cibiyar Senckenberg da ke Dresden a Jamus suka raba shi nau'i goma. Na yankin Sahel ta yamma, wanda ya haɗa da Nijar da Najeriya, ya koma Pelomedusa olivacea. Wani sashe na wannan aiki an yi shi ne da tsofaffin gawawwakin da ke ajiye a gidajen tarihi na Turai tun ƙarni na 19. Dabbar da ake gani gama-gari ta zama mai iyakantaccen gida, kuma labarin ya fito ne daga wata nahiya.

Ba rashin kayan aiki ne ya jawo haka ba. Cibiyar ACEGID da ke Jami'ar Redeemer's a Ede, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, ita ce ta fara karanta cikakken tsarin gadon ƙwayar cutar korona a Afirka a watan Maris na 2020, cikin 'yan kwanaki. Kuɗin irin wannan bincike a Najeriya yana bin annoba da amfanin gona ne, abin da kuwa ba laifi ba ne. Amma Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da ke Katsina da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma duk suna yaye ɗaliban nazarin halittu kowace shekara, kowannensu da aikin bincike na kammalawa. Rabin aikin nazarin gado bisa shimfiɗar ƙasa ba ya bukatar injin miliyoyi: kamawa, aunawa, yin lamba a gefen ƙoƙon baya, ƙirga waɗanda mota ta taka tsakanin Yashe da Kankiya daga Yuni zuwa Satumba, da adana samfur a inda ba zai lalace ba. Masunta da masu sayar da maganin gargajiya, waɗanda ƙoƙon kunkuru ba ya rabuwa da shimfiɗarsu a ranar kasuwa, sun san tafkin da ake samu da wanda aka daina samu tun yaushe. Samfurin da aka ɗauka kafin a gama titi shi ne ma'aunin da za a kwatanta komai da shi bayan shekara talatin, kuma ba a iya komawa baya a ɗauko shi.

Kuɗin ma akwai inda za a nema. A Disamban 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa da kwarurukan ruwa a jihohin Arewa 19 da Abuja, Katsina na ciki. Bashi ne da matasan yau za su biya. Shirin ya ginu ne a kan tsara kwari gaba ɗayansa maimakon gona ɗaya ɗaya, wanda shi ne daidai ma'aunin da wannan ilimi ke aiki da shi. Najeriya kuma na cikin ƙasashen da suka amince da tsarin Kunming-Montreal a Disamban 2022, wanda buri na huɗu a cikinsa ya ambaci kiyaye bambancin ƙwayoyin gado a tsakanin dabbobin daji. Idan za a yashe tafki ko a gina ƙaramin dam da wannan kuɗi a Kusada ko Kankiya, lokacin aikin yana da tasiri: injin da ya shiga busasshen taɓo a watan Maris yana kwashe dabbobin da ke barci a ciki ne tare da lakar.

Tsarin Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ya tanadi a baje rahoton tantance muhalli na kowane babban aiki na tsawon ranakun aiki 21, a wuraren da suka haɗa da sakatariyar ƙaramar hukumar da abin ya shafa, domin jama'a su karanta su rubuta ƙorafi. Galibi kwanakin kan wuce ba wanda ya buɗe kundin. Ɗalibi ko ƙungiyar matasa da ta je ta nemi a nuna mata shi tana iya duba shafin magudanan ruwa ta tambayi kwalbati nawa aka zana tsakanin wannan fadama da waccan, nawa ne faɗin kowacce, da kuma abin da ɗan kwangila ya yi alkawarin yi da ramukan burji bayan ya kwashe injinansa.